Zuwa ga Edita: A Tambayi Masu Talla da Sunan Ciwonmu Inda Kuɗin Ke Zuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina neman ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani al'amari da ke dawowa duk watan Oktoba, wato tallace-tallacen da kamfanoni da kantuna ke yi da sunan wayar da kai game da cutar dajin mama. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, an yi mini tiyata an cire mini mama ɗaya, na sha ƙarin ruwan maganin da muke kira kemo har gashin kaina ya zube, kuma har yau ina haɗiyar ƙwayar tamoxifen kowace safiya. Saboda haka abin da zan faɗa daga bakin wadda abin ya shafa ne, da kuma abin da na ji daga matan da muka daɗe muna zama tare a kan bencin jiran likita.

A Oktoban bara na shiga wani babban kanti sayen sabulu, sai na tarar an ƙawata ƙofarsa da balan-balan ruwan hoda, an ɗaura wa ma'aikata ɗan ƙyallen nan mai lanƙwasa ruwan hoda, alamar yaƙi da cutar, a ƙirji, an kuma rubuta a allo cewa duk wanda ya sayi man shafawa iri kaza ya taimaka wajen yaƙi da cutar dajin mama. Na tambayi yarinyar da ke karɓar kuɗi nawa ake cirewa daga kowace kwalba, kuma wa ake bai wa. Cikin ladabi ta ce, "Hajiya, wallahi mu dai an ce mu saka rigar ne." Aka kira mini manaja, shi ma ya ce umarni ne daga hedikwata, ba a gaya masa adadi ba. Na fito da sabuluna a hannu, hannun da ya kumbura tun bayan da aka cire mini kaluluwar hamata, ina tuna wata baiwar Allah da ta bar zuwa karɓar kemo bayan zagaye na uku saboda kuɗin awakin da ta sayar sun ƙare. Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan, amma raina ya ɓaci, domin da ciwon irin su waccan baiwar Allah ake jawo masu saye, ita kuwa ko sisi bai kai gare ta ba.

Wannan al'ada daga Amurka ta taso, kuma tarihinta ya cancanci masu karatu su sani. A 1985 aka fara keɓe lokaci a watan Oktoba domin wayar da kai kan cutar, da haɗin gwiwar Ƙungiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Amurka da sashen harhaɗa magunguna na kamfanin Imperial Chemical Industries, wanda daga baya ya zama wani ɓangare na AstraZeneca. Kamfanin ne ya samar da tamoxifen ɗin da nake sha, ke nan tun daga tushe akwai hannun ɗan kasuwa a cikin tafiyar. Shi kuwa ƙyallen, wata dattijuwa ce mai suna Charlotte Haley a jihar Kalifoniya ta fara yin irinsa da hannunta a farkon shekarun 1990, bayan cutar ta taɓa mata da dama a danginta. Nata ba ruwan hoda ba ne, launinsa ya fi karkata ga ruwan lemo mai haske, kuma tana haɗa shi da ɗan kati da ke cewa kasafin Cibiyar Cutar Daji ta ƙasar dala biliyan 1.8 ne a shekara, amma kashi 5 cikin ɗari kacal ke tafiya ga rigakafi. Manufarta ita ce a matsa wa 'yan majalisa lamba. Da mujallar Self da kamfanin kayan kwalliya na Estée Lauder suka nemi ta ba su ƙyallen, sai ta ƙi, saboda tana ganin kasuwanci ya yi yawa a cikin shirinsu. Suka sauya launi zuwa ruwan hoda, suka rarraba shi a shagunan kwalliya a 1992. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne katin da ke ɗauke da tambaya ga mahukunta ya ɓace a hanya, ƙyallen kaɗai ya iso gare mu.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin yogot na Yoplait ya shafe shekaru yana cewa a wanke murfin gwangwani a aika masa ta gidan waya, zai ba da gudummawar santi 10 na dalar Amurka a kan kowane murfi, alhali kan sarkin da za a manna wa ambulan ya fi santi 10 tsada. A 2010 kamfanin KFC ya sayar da soyayyar kaza a bokiti ruwan hoda da alkawarin rabin dala a kan kowane bokiti ga gidauniyar Susan G. Komen mai yaƙi da cutar dajin mama, mutane da yawa kuma suka yi tir da haka, tunda ƙiba na daga cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar ga matan da suka daina al'ada. A 2014 kamfanin Baker Hughes mai aikin haƙar mai ya shafa wa kawunan injin haƙa guda dubu fenti ruwan hoda. Har masu sayar da barasa sun shiga sahu, ga shi kuwa masana sun tabbatar barasa na haddasa wannan cuta. Matan da ke fama da ciwon ne da kansu suka fara ɗaga murya. Ƙungiyar Breast Cancer Action ta birnin San Faransisko ta ƙaddamar da gangami a 2002 tana kira ga masu saye su yi tunani kafin su miƙa kuɗi, ta kuma raɗa wa ɗabi'ar suna da ke nufin wanke sunan kamfani da ruwan hoda. Tambayoyin da suka koya wa jama'a su ne dai waɗanda na yi a kanti: nawa ne zai tafi, wace ƙungiya ce za ta karɓa, me za ta yi da shi, kuma shin akwai iyakar da kamfani ya ɗibar wa kansa wadda in an kai ta sauran cinikin ya zama ribarsa zalla?

Adalci ya sa dole in faɗi cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Evelyn Lauder, jigo a kamfanin Estée Lauder, ta kafa gidauniyar binciken cutar a 1993, kuma gidauniyar ta zuba kuɗi masu yawa a aikin masana. Kuɗin kamfanin kwalliya na Revlon sun taimaka wa binciken Dakta Dennis Slamon a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, binciken da ya kai ga maganin Herceptin da aka amince da shi a 1998, wanda ya ceci rayukan mata masu wani nau'i mai zafi na cutar. Waɗannan sun nuna ana iya yin ciniki kuma a ga amfanin, matuƙar an san inda kuɗin suka faɗa.

Ko a tsakaninmu marasa lafiya ra'ayi bai zo ɗaya ba. Akwai wata ƙanwata a ciwo, matashiya mai 'ya'ya biyu, da ta ce mini tallar da ta ji a rediyo cikin Oktoba ce ta ba ta ƙarfin halin gaya wa mijinta cewa ta ji ƙullutu a ƙirjinta, bayan ta yi wata huɗu tana ɓoyewa. A ƙasar da mace ke jin nauyin ambaton wannan sashe na jikinta ko a gaban 'yar'uwarta, inda har yanzu ake cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe, inda ake fara bin masu sassaƙe da turare sai ciwo ya fashe kafin a nufi asibiti, duk abin da ya sa aka furta sunan cutar a fili ya yi rana. Ban raina wannan ba. Sai dai ita ma da aka gama gwaji aka rubuta mata kuɗin magani, ba ta ga ko ɗaya daga cikin masu tallar ba, 'yan'uwanta ne suka yi karo-karo, mahaifiyarta kuma ta sayar da 'yan kunnenta na zinariya.

Waɗanda maganarsu ta fi sosa mini zuciya su ne matan da cutar ta riga ta bazu zuwa ƙashi ko huhu ko hanta, waɗanda likita ya gaya musu cewa magani zai rage zafi ya ƙara kwana amma ba zai kawar da ciwon ba. Hotunan talla kullum mata ne masu ƙoshin lafiya, sun sha kwalliya suna murmushi, ana kiran su jarumai da suka yi nasara. Wata daga cikin waɗannan mata ta tambaye ni, cikin sanyin murya, ko ita ragguwa ce ke nan tunda ba za ta warke ba. Ta yi duk abin da aka ce ta yi, ta jure abin da namiji ƙaƙƙarfa ba zai jure ba, amma harshen talla ba shi da wurin ajiye ta, domin labarinta ba ya sayar da kaya. A Amurka sai da irin waɗannan mata suka yi ta fafutuka kafin a ware musu rana guda, 13 ga Oktoba, a cikin wata sukutum. Haka kuma na taɓa zama kusa da wani dattijo mai wannan ciwo, domin maza ma suna kamuwa ko da yake ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari ba, ya ce kunya ta hana shi gaya wa abokansa sunan abin da ke damunsa, tunda duk abin da ake nunawa na mata ne. Ni kaina, ranar da na fara tura tsumma a rigar mama domin kada a gane a wurin biki, babu abin da ya yi kama da shagali a zuciyata.

Alƙaluma ma suna nuna inda gizo ke saƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kimanin miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a duniya, kuma mutum 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu cutar suna kai shekara biyar a raye bayan an gano ta, a Indiya kashi 66, a Afirka ta Kudu kuwa kashi 40. A Nijeriya ita ce cutar daji da ta fi kama mata, kuma yawancinmu muna isa asibiti ne bayan ta yi nisa. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya tsaya a kan abubuwa uku: a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar tun tana matakin farko ko na biyu, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan aƙalla kashi 80 su kammala magani har ƙarshe. Talla na iya taimakawa a na farko kaɗai. Sauran biyun kuɗi suke ci: kuɗin ɗiban tsoka a kai ɗakin gwaji, kuɗin kemo duk bayan mako uku, kuɗin mota daga ƙauye, kuɗin kwana a wani gari ana jiran layin na'urar ƙona cutar da haske, wadda cibiyoyin da ke da ita a ƙasar nan 'yan ƙalilan ne. In aka gaya wa mace ta duba jikinta, ta duba ta samu, sannan ba ta da hanyar magani, to an ƙara mata fargaba a kan talauci.

Ba a rasa waɗanda suka san wannan aiki a gida ba. Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita ma ta yi fama da cutar, ta kafa ƙungiyar yaƙi da cutar dajin mama mai suna BRECAN a 1997, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu na da gidauniyar Medicaid mai yaƙi da cutar daji, gwamnatin tarayya kuma na da asusun tallafa wa masu cutar daji marasa galihu. Duk kamfanin da ke da niyyar taimako da gaske ba zai rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kuma ba zai ji nauyin faɗin sunan ƙofar ba.

Roƙona gare ka, Edita, shi ne jaridarku ta riƙe wannan igiya, tunda ta shafukanku da gidajen rediyo irin waɗannan tallace-tallace ke isa ga jama'a. Duk mai kawo talla da ke cewa cinikinsa zai taimaki masu cutar dajin mama, a buƙace shi ya rubuta a jikin tallar naira nawa zai bayar a kan kowane kaya da sunan wanda zai karɓa. In watan Nuwamba ya kama, a tura wakili ya tambayi kamfanin nawa aka tara, ya je wurin ƙungiyar ko asibitin ya tabbatar an miƙa, a buga amsar ko da amsar ita ce an ƙi magana. Sa'annan idan za ku yi rahoton wannan wata, ku zo ɗakin kemo da izinin marasa lafiya ku saurari waɗanda ke kwance, har da waɗanda ba za su warke ba, maimakon ku tsaya ga hoton masu tattaki da farar hula da riga ruwan hoda. Akwai mata da dama a cikinmu da suka shirya yin magana in an sakaya sunansu, kuma ni ce ta farko.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam,
Wata malama mai ritaya, daga Kano.