A Horar da Masu Binciken Sankarar Hanji a Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirin yaƙi da cutar daji na ƙasa na 2023 zuwa 2027 ya ba bincike muhimmanci, shi ya sa nake son jan hankali kan sankarar babban hanji.

A Sakkwato, wanda ya ga jini a bayan gida yakan ce basir ne, ya yi ta shan saiwa wata da watanni. Kafin ya isa asibiti, ciwon ya ci ƙarfinsa. Alhali cutar takan faro ne daga ɗan tsiro a bangon hanji, wanda likita zai iya cirewa da na'urar leƙa hanji tun bai zama sankara ba.

Amurka ta mayar da shekarun fara gwajin wannan cuta 45 a 2021, bisa binciken da ta yi kan mutanenta. Mu fa? Gwajin bayan gida mai gano ɓoyayyen jini yana da sauƙin kuɗi, amma a nan atini da tsutsar ciki ma suna jawo jini. Sai an gwada shi a kan jama'armu kafin a san yadda za a dogara da shi.

Masu digirin digirgir da za su yi wannan aiki muna da su, horo da kuɗin bincike suke buƙata. Ina roƙon TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da NICRAT, cibiyar bincike da maganin cutar daji ta ƙasa, su ware guraben horo na shekara biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, da sharaɗin a gudanar da binciken a ƙananan hukumominmu, a kuma bayyana sakamakon da Hausa a rediyo.

Naku,
Mai karatu daga Sakkwato