Zuwa Ga Mai Girma Minista: Ƙanƙarar Da Aka Yi Wa Dariya

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa.

Ni ɗalibin injiniya ne a Agege, inda jiragen Ikeja ke ratsa saman gidanmu har kwanon rufi ya yi kakkarwa. Ka san zancen, don takardarmu ta daɗe a ofishinka. Kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya muka roƙa, da wutar da ba a ɗaukewa, domin binciken ƙanƙarar da ke manne wa fiffiken jirgi. Wani jami'inka ya kwashe da dariya, wai ƙanƙara a Legas, da wannan zafin?

To a gaya masa jirgi ba a Oshodi yake yawo ba. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6.5, kafin a kai kilomita shida ruwan gajimare ya isa daskarewa. A Yulin 2014 jirgin Air Algérie ya tashi daga Wagadugu, ƙanƙara ta toshe na'urorin awon injinsa, ya faɗi a Mali da mutum 116. Mali, ranka ya daɗe, ba Rasha ba.

Ga abin da ke cinye mana kwamfuta. Kafin a lissafa yadda iska ke bin fiffike, sai an yanyanka sararin da ke kewaye da shi zuwa miliyoyin ƙananan gidaje, tamkar ragar masunta. Matsalar ita ce ƙanƙara ba ta zama wuri ɗaya. Tana girma, wani lokaci ta fito da ƙaho biyu a gaban fiffiken, dole ragar ta miƙe ta bi ta. Ja kaɗan ya wuce kima, sai gidajen su murɗe su hau kan juna, lissafi ya watse. Ko dai ka lallaɓa tsohuwar ragar, ko ka saƙa sabuwa, kuma haka za ka yi ta yi duk lokacin da ƙanƙarar ta ƙara kauri. Hukumar NASA ta Amurka tana da manhajar LEWICE don wannan aiki, da ramin iska na gwajin ƙanƙara, wato wurin da ake hura wa fiffike iska mai sanyi, a birnin Cleveland tun 1944.

Ni kuwa 'yar kwamfutar cinya gare ni. Idan ta ɗau zafi, ƙanƙarar leda nake saye wurin mai fiya wata, in naɗe da tsumma in tura ƙarƙashinta. Makon jiya ta yi awa goma sha huɗu tana lissafi, saura ƙiris aka ɗauke wuta, batirin kuma tuni ya mutu. Wallahi har ƙwalla na yi.

Kai da bakinka ka sha cewa a taro 'ya'yanmu ne za su riƙa gyaran jiragenmu. Da me? Kuɗin jif ɗaya a ayarinka ya ishe mu, har da canji. Batun tallafin karatu da na ɗakin gwaji ma na bar shi sai wani jiƙon.

Don Allah a zaro takardar nan daga ƙasan fayil, a sa hannu. Idan kuma an ƙi, a rubuto mana dalili, ban da na zafin Legas.

Naka,
Wani ɗalibi daga Agege