Amsar tambayarka a kan yaron nan Tani

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Ya hunturun Zariya? Namu na nan Bronx, a birnin Niyok, ba a magana, in ka fito da asuba sai ka ji kamar ana yankar kunnenka da reza.

Na ga bidiyon da ka turo na autanka yana cinye kawunsa a darar Turawa, wato chess, kawun yana ta rantsuwa wai rana ce ta kashe masa ido. Na yi dariya har da hawaye. Sai kuma tambayarka: tunda ina garin da Tani, yaron nan ɗan Najeriya gwanin wasan, ya yi suna, in faɗa maka yadda aka yi, ko ka bi da naka ta hanyar. To ga abin da na sani, amma ba duka ne zai yi maka daɗi ba.

Sunansa Tanitoluwa Adewumi, an haife shi a 2010. Mahaifinsa yana da shagon buga takardu a Abuja, barazanar Boko Haram ce ta sa suka tattara suka taho Amurka a 2017. Da suka iso Niyok, a gidan marasa muhalli suka sauka, cikin Manhattan. A makarantar firamare ta gwamnati mai lamba 116 ya fara ganin wasan, a farkon 2018. Uwarsa ta rubuta wa mai kula da ƙungiyar wasan cewa ba su da kuɗin rajista, aka yafe musu. Ranar Asabar ta riƙa kai shi Harlem inda ake koyarwa kyauta, da dare kuma ya ari kwamfutar babansa. Gasarsa ta farko maki 105 ya fito da shi a ma'aunin da ake gwada ƙarfin ɗan wasa, wato can ƙasan kwando. Shekara guda da 'yan kai, a watan Maris na 2019, ya lashe gasar jihar Niyok ta ƙananan 'yan firamare ba tare da an ci shi ko sau ɗaya ba, yana ɗan shekara 8, a gaban yaran masu hali da ake ɗaukar wa malamai na musamman. Wani marubucin jaridar New York Times, Nicholas Kristof, ya ba da labarin, jama'a suka tara musu sama da dala 250,000, wani ya biya musu hayar gida ta shekara guda.

Nan ne labarin yake tsayawa a WhatsApp, da hoton yaro rungume da kofin da ya kusa kai shi tsawo. Ni kuwa abin da ya biyo baya ya fi damuna, domin na ɗanɗana kaɗan daga ciki.

Ka san 'yar wajena ta biyu ita ma ta kamu da wasan. Wata Asabar na kai ta gasa a ɗakin motsa jikin wata makaranta. Tebura a jere, yara sun fi ɗari, amma ba ka jin komai sai ƙas, ƙas, ƙarar agogon da kowa ke dannawa in ya gama tafiyarsa. Kowane yaro da fensir da takarda yana rubuta duk abin da ya motsa. Mu iyaye aka kore mu waje, muka zauna a ƙasan baranda kamar masu jiran sakamakon asibiti. Ta cikin gilashin ƙofa na hango ta miƙa hannu ta taɓa doki, sai ta janye da sauri. Abokin wasanta, wani ɗan firit da ƙafarsa ba ta ma taɓa ƙasa, ya ɗaga hannu ya kira alƙali. Dokarsu ita ce abin da ka taɓa shi za ka tafi da shi. Ta tafi da dokin, sarauniyarta ta faɗi, wasa ya ƙare. Ta miƙa masa hannu kamar yadda aka koya musu, ta fito ba ta ce uffan ba, sai da muka shiga jirgin ƙasa ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, abin da ya fara fitowa daga bakina shi ne, "Ba na ce ki riƙa zama a kan hannunki ba?" Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Tani ya sha irin wannan Asabar ɗin ba adadi, ba wanda ya ɗauke ta a hoto. Shekara biyu ya yi yana hawa kafin makinsa ya kai 2200 a watan Mayu na 2021, ya zama gwani a matakin ƙasa yana da shekara 10. A ƙarshen shekarar ya samu muƙamin gwani na FIDE, hukumar wasan ta duniya, wanda ake bayarwa a maki 2300. Tun yana ƙarami yake cewa burinsa ya zama giranmasta, wato mai muƙami mafi girma a wasan, mafi ƙanƙantar shekaru a tarihi. To a watan Yuni na 2021 wani yaro ɗan New Jersey, Abhimanyu Mishra, ya kafa wannan tarihin yana da shekara 12 da wata 4 da kwana 25, bayan ya tare a Budapest shi da mahaifinsa, suna shiga gasa bayan gasa. Tani ya wuce waɗannan shekarun bai kai ba. Ba gazawa ba ce, tsanin ne haka. Giranmasta sai da maki 2500, da kuma sakamako na musamman har sau uku a gasannin da manya ke ciki. Daga 105 zuwa 1500 yaro mai kai zai yi tsalle cikin shekara. Daga 2300 zuwa sama kuwa kowane maki goma sai an yi gumi, ga kuɗin jirgi, ga otal, ga koci. Kuma duk wannan ana yi ne iyalin ba su san matsayinsu ba, sai a ƙarshen 2022 aka ba su mafaka a hukumance.

Abu ɗaya da ya burge ni da iyayensa: manyan makarantun kuɗi sun yi tayin ɗaukarsa kyauta, suka ce a'a, ya ƙarasa firamare inda aka fara yarda da shi.

Saboda haka don Allah kada ka riƙa nuna wa yaron hoton Tani kana cewa ga sa'anka. Ka nemo masa waɗanda za su riƙa cinye shi, domin kawunsa ya gama amfani. A jami'a ba za a rasa ɗaliban da suka iya ba. Ka koya masa rubuta wasansa, in an ci shi ku zauna ku bi takardar ku ga inda aka kwana, amma ba a ranar ba. In wani dattijo ya ce wasan Nasara ne, ka tuna masa cewa mutanen Borno sun daɗe da nasu, tsatsarandi, wanda sunansa ma daga shaɗaranjin Larabawa ya fito.

Af, na manta. Malamin Tani na farko, Shawn Martinez, shi ne wanda ya zauna da Tunde Onakoya na Legas a dandalin Times Square a watan Afrilu na 2024, suka yi awa 60 suna wasa don tara kuɗin karatun yara. 'Yan Najeriya suka cika wurin da kiɗa da shinkafa dafa-duka, kai ka ce biki ake.

Akwai mai tahowa gida bayan Sallah, zan ba shi allo da agogon wasa ya kawo wa yaron. Agogon batir biyu yake ci, ka cire su in ba a amfani da shi. In zai dawo ka haɗo ni da kilishi da yajin Hajiya, wanda ka aiko bara ya ƙare tun kafin azumi.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka har kullum,
amininka na Bronx