Yadda manyan rukunan shaguna suka tashi suka faɗi a birnin Akron

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan rukunan shagunan zamani, irin waɗanda ake haɗawa ƙarƙashin rufi ɗaya a sa musu na'urar sanyaya wuri. Tun da Shoprite ya tattara nasa ya nasa ya bar Ado Bayero Mall a farkon 2024, shekara goma bayan buɗe wurin, jama'a ke cewa tsadar rayuwa ce. Akwai wannan, amma shi kansa tsarin yana da nasa ciwon, kuma birnin Akron na jihar Ohio a Amurka ya ɗanɗana shi tun kafin mu.

Akron garin taya ne, nan Goodyear da Firestone da Goodrich suka kafu. A 1960 mutanensa sun kai kusan 290,000, kuma aljihun ma'aikata da nauyi. Cikin shekara goma aka buɗe rukuni uku: Summit Mall a 1965, Chapel Hill a 1967, sai Rolling Acres a 1975, wanda a ganiyarsa ya ɗauki shaguna sama da 140.

Ga yadda ake tsara abin. Manyan kantuna irin su Sears da JCPenney ake sawa a ƙarshen kowane ɓangare, a jera ƙananan shaguna a tsakani, don duk wanda zai je daga wannan kanti zuwa wancan dole ya ratsa ta gabansu. Babban kanti hayarsa kaɗan ce, wani lokaci ma shi ke da filinsa, domin shi ke janyo mutane. Ƙananan su ke ɗaukar nauyin. Bayan haya akwai kuɗin hidimar gini: wuta, sanyi, shara, masu gadi, gyaran rufi da na filin ajiye motoci, ana raba shi bisa girman shago. A yarjejeniyoyi da yawa kuma akwai sharaɗin cewa in babban kanti ya tashi, ƙaramin ɗan haya na iya rage haya ko ya fice.

To nan gizo ke saƙa. Ko shago ɗari ne a buɗe ko ashirin, ginin sai an sanyaya shi gaba ɗaya, an haska shi gaba ɗaya. Hidima ba ta raguwa, masu biya ne ke raguwa. Mai gini ya fara jinkirta gyaran rufi, ruwa ya fara yoyo, a jera bokitai a hanya, mai sayayya ya gani ya daina zuwa.

Haka aka yi wa Rolling Acres. Masana'antun taya suka yi ta rufewa, mutanen gari suka ragu zuwa kusan 190,000 a yau. Babban kantin Target ya fita daga rukunin a 2006, wani babban kantin, Macy's, ya bi a 2008, a ƙarshen Oktoban shekarar aka rufe wurin saboda bashin kuɗin wuta. Daga nan ɓarayin wayar tagulla suka shiga, gilasan rufi suka farfashe, har dusar ƙanƙara ta lulluɓe matakalar lantarki. An fara rushe shi a 2016, yanzu katafaren sito na Amazon ne a filin. Chapel Hill ya ja numfashi har 2021 kafin a mayar da shi wurin kamfanoni. Summit Mall kaɗai ya tsira, shi ma don yana yankin Fairlawn, inda masu hannu da shuni suka fi yawa.

Kantin Kwari ba ya cikin wannan haɗari, domin rufe shago ɗaya ba ya kashe wutar maƙwabcinsa. Amma ɗan kasuwar da zai kama shago a rukunin zamani, a nan inda ma janareta ke ɗauke da ginin, ya tambaya a rubuce kafin ya sa hannu: shekara nawa suka rage wa babban kanti a yarjejeniyarsa, kuma wa ke biyan kason hidimar shagunan da ba kowa a ciki?

Naka,
Wani mai karatu daga Kano