Takardar Koke Kan Filin da Ke Gefen Sabuwar Harabar Kamfani

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu mazauna unguwannin da ke kewaye da filin da kamfani zai gina sabuwar harabarsa ne muka kawo kukanmu. Muna maraba da aikin, don 'ya'yanmu na buƙatar abin yi. Roƙonmu shi ne a ware ɓangaren kwari da itatuwansa a rubuce tun kafin katafila ta shiga.

Babbar damuwarmu ruwa ne. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ke nan ruwan milimita 50 a kan hekta guda lita 500,000 ne. Ƙasa mai yashi da ciyawa tana shanye mafi yawansa. In aka shafe ta da kwalta da kankare da rufin kwano, kusan kashi 9 cikin 10 zai kwaranyo cikin ɗan lokaci, kuma gangaren filin yana fuskantar gidajenmu ne. Lambatun da muke da shi ba don irin wannan ruwa aka gina shi ba. Idan ya tumbatsa, gindin katanga yake fara ci, sai laima ta hau bango, sai tsagewa. Ruwan da bai nutse a ƙasa ba kuwa, shi ne rijiyoyinmu za su rasa da rani, balle in kamfanin ya haƙa manyan rijiyoyin burtsatse. Don haka muna roƙon a wajabta masa haƙa tafkin tare ruwa a cikin harabarsa, mai ƙaramar mafita da za ta riƙa sakin ruwan sannu a hankali, a kuma riƙa yashe shi kafin kowace damina.

Sai itatuwa. Sau da yawa akan bar itace a tsaye a ce an kiyaye shi, bayan shekara biyu ko uku ya bushe daga sama. Dalili kuwa, mafi yawan saiwoyi suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, sun bazu nesa da gindi. Tifa ɗauke da yashi in ta yi ta bi ta kansu, ƙasar takan danƙare, iska da ruwa su daina shiga. Ƙa'idar masana ita ce a auna faɗin kututture a tsayin mita 1.5 daga ƙasa, a ninka sau 12, a kafa shinge a wannan nisa. Itace mai faɗin santimita 50 yana buƙatar mita 6 ta kowane gefe, ba haƙa, ba jibge bulo, ba wanke injin kwaɓa siminti a ciki.

Allah ya ja zamaninka, alkawarin baki yana tafiya ne tare da manajan da ya yi shi. Muna roƙon safiyo ya auna filin a gaban wakilanmu, a kafa turakun siminti, a shigar da iyakar cikin taswira da takardar mallaka, a bar hanyar ƙafar da yara ke bi a wajen katanga. A ba mu kwafin rahoton nazarin tasirin aikin ga muhalli mu karanta kafin a amince da shi, kuma kamfanin ya naɗa jami'i guda da za mu riƙa zama da shi a fadarka duk wata har a gama ginin.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne naka masu biyayya,
Wakilan mazauna unguwannin da ke maƙwabtaka da filin