Abin da shirinku ya tsallake a tarihin Swami Vivekananda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne a kan shirinku na tarihin mashahuran mutane, wanda a makon jiya kuka yi a kan Swami Vivekananda na Indiya, jagoran masu zuhudu na addinin Hindu. Na saurara tun daga farko har ƙarshe, kuma na yaba da kuka waiwayi mutumin da yawancin masu sauraro ba su taɓa jin sunansa ba. Sai dai kusan lokacin duka ya tafi a kan jawabin da ya yi a taron addinan duniya a birnin Shikago na Amurka ranar 11 ga Satumba, 1893, yadda ya buɗe baki ya kira jama'ar Amurka 'yan'uwansa mata da maza, ɗakin taro ya ɗauki tafi. Duk wannan gaskiya ne. Amma da tafin nan ne kaɗai abin da ya bari, da tuni an manta da shi kamar yadda aka manta da yawancin waɗanda suka hau mumbarin nan tare da shi.

Ni Musulmi ne, na yi shekara huɗu ina karatun haɗa magunguna a kudancin Indiya. A can na fara ganin hotonsa, saurayi da rawani da tufafi ruwan goro, ya harɗe hannu a ƙirji, a shaguna da makarantu har da bayan kekunan haya. Da na tambayi abokan karatuna, su ma Shikago suka fara ambata. Sai da na je Kalkata hutu, wani abokina ya kai ni Belur a bakin kogin Ganga, inda hedikwatar ƙungiyarsa take, na ga marasa lafiya sun yi layi a ɗakin shan magani na kyauta, sannan na soma fahimtar inda nauyin mutumin yake.

An haife shi ranar 12 ga Janairu, 1863, sunansa na yanka Narendranath Datta, mahaifinsa lauya ne a Kalkata, ya tashi cikin wadata da karatun boko. Kun faɗi haɗuwarsa da malaminsa Ramakrishna a 1881, amma ba ku faɗi abin da ya same shi a 1884 ba. Mahaifinsa ya rasu kwatsam ya bar bashi, dangi suka kai su kotu a kan gida, shi kuwa mai digiri ya dinga yawo ofis-ofis neman aiki ana sallamarsa. Akwai ranakun da yake ce wa mahaifiyarsa an gayyace shi cin abinci a waje don ɗan abin da ke tukunya ya ishi ƙannensa. Wanda ya kwana da yunwa a gidansu ba ya yi wa yunwa kallon labari, kuma ina ganin duk abin da ya yi daga baya a nan ya samo tushe.

Bayan rasuwar Ramakrishna a 1886, shi da sauran almajirai suka tare a wani tsohon gida a Baranagar suka ɗauki alkawarin gudun duniya: ba aure, ba dukiya. Daga nan ya shiga yawon ƙasa, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a jirgin ƙasa idan wani ya saya masa tikiti, yau ya kwana a fadar sarki, gobe a bukkar mutumin da al'adar ajin haihuwa ta ce ko taɓa shi ƙazanta ne. A ƙarshen 1892 ya kai Kanyakumari, inda ƙasar Indiya ta ƙare a teku. Abin da ya dame shi a wannan tafiya shi ne ƙasa cike da masu ibada da masu wa'azi, talakawa kuma suna mutuwa da yunwa da jahilci ba mai waiwayarsu. Neman abin da zai taimaka musu da shi yana cikin dalilan da suka kai shi Amurka. A wancan taro na Shikago ma, kwanaki kaɗan bayan tafin, ya tashi ya gaya wa masu tura 'yan mishan cewa mutanen Indiya ba addini suka rasa ba, abinci suka rasa, kuma cin fuska ne a miƙa wa mai jin yunwa wa'azi. Wannan jawabin ne na so in ji a shirinku.

Ya dawo gida a farkon 1897, ranar 1 ga Mayu kuma ya kafa ƙungiyar Ramakrishna Mission. Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. A al'adar da ya gada, mai zuhudu yakan bar jama'a ne ya shiga kogo ko daji ya nemi tsirar ransa, hidimar asibiti da makaranta ba aikinsa ba ne. Wasu daga cikin 'yan'uwansa almajirai sun fito fili sun ce wannan tsari na Turawa ne ya kwaso, malaminsu bai koyar da haka ba. Ya tsaya kai da fata cewa hidimar ɗan'adam ita kanta ibada ce, har taken ƙungiyar ya haɗa abu biyu, tsirar rai da amfanin duniya. A nan dole in faɗi inda muka rabu. Hujjarsa ita ce Ubangiji yana cikin kowane mutum, don haka wanda ya yi wa talaka hidima ya bauta wa Ubangiji ne a jikinsa. Ni ban yarda da wannan ba, tauhidina ya raba Mahalicci da abin halitta. Amma na san addinina bai bar ni in ƙoshi maƙwabcina yana kwana da yunwa ba, don haka aikin da hujjar tasa ta haifar ba baƙo ba ne a wurina.

A wannan shekarar ta 1897 yunwa ta afka wa yankin Murshidabad, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, Swami Akhandananda, ya fara rabon abinci a can. Mutanen ƙungiyar suna ba da labarin cewa abin ya faro ne daga wata yarinya Musulma da ya tarar tana kuka don tulunta ya fashe, shi ne kaɗai tulun gidansu. Ya saya mata wani da 'yan kuɗin da suka rage masa, kafin ya ankara yara masu jin yunwa sun kewaye shi, sai ya fasa tafiyar da yake yi ya zauna. Da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta shiga Kalkata a 1898, mutane suna gudu daga gari, aka tambayi Vivekananda ina za a samu kuɗin aiki, ya ce in ta kama a sayar da filin da suka saya don gina gidan zuhudu. A shekarar da ta biyo baya mutanensa suka shiga unguwannin talakawa suna share kwata da kwashe shara, tare da almajirarsa 'yar ƙasar Ayalan, Margaret Noble, wadda ya raɗa wa suna Nivedita, wadda kuma ta buɗe makarantar 'yan mata a unguwar Bagbazar. Mai karatun magani ya san darajar wannan: a zamanin da babu maganin cutar, tsabtar unguwa babbar kariya ce.

Abin da ya fi burge ni kuwa ba ya da armashi a rediyo, na sani, amma shi ne ƙashin bayan komai. Mutumin nan ya damu da lissafi. A wasiƙunsa yana nanata wa 'yan'uwansa a rubuta duk abin da ya shigo da abin da ya fita, kuma kuɗin da aka bayar don wani aiki kada a karkatar da shi zuwa wani, ko da shi ma na alheri ne. A 1901, yana da rai, sunansa na tashe, ya miƙa dukiyar Belur ga kwamitin amintattu, Swami Brahmananda ya zama shugaba, shi ya koma gefe. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1902, yana da shekara 39, bayan fama da ciwon suga da asma. Shekara biyar kacal ya yi da ƙungiyar. Duk wanda ya taɓa ganin makaranta ko gidan marayu ya durƙushe saboda wanda ya kafa shi ya kwanta dama, magada sun shiga rabon fili, zai gane girman abin da ya yi. Yau fiye da shekara 120 da rasuwarsa, ƙungiyar tana da rassa fiye da 200 a Indiya da wajenta, da asibitoci da makarantu da aikin agaji idan ambaliya ko girgizar ƙasa ta auku, kuma shugabancinta ba gadon gidan kowa ba ne.

Akwai kuma batun da ya shafe mu kai tsaye, wanda na yi mamakin shirun da kuka yi a kansa. A 1898 ya rubuta wa wani abokinsa Musulmi a Nainital cewa daidaiton ɗan'adam da falsafar Vedanta, wato falsafar Hindu da yake bi, ke koyarwa, in akwai waɗanda suka kusanci aikata shi a zaman yau da kullum to Musulmi ne, kuma fatansa ga Indiya shi ne ta haɗa ƙwaƙwalwar Vedanta da jikin Musulunci. Ba zan ɓoye ba, a wasu jawaban nasa ya yi maganganu masu zafi a kan tarihin Musulmi waɗanda ba su yi mini daɗi ba, kuma ban yarda da su ba. Adalci shi ne a kawo duka biyun. Dalilin da ya sa na damu shi ne a Indiya ta yau akwai masu ɗaga hotonsa a tarukan siyasa suna hura wutar ƙiyayya ga Musulmi da Kirista, alhali a jawabin nan na Shikago da kuka karanto, ya rufe ne da la'antar ɓangaranci da tsattsauran ra'ayi, ya ce sun sha jiƙa ƙasa da jinin mutane. Na zauna da Musulmin Indiya a masallaci da ɗakin kwanan ɗalibai, na ji fargabarsu da kunnena. Mai sauraron da ya ga hoton a hannun irin waɗancan mutane, in ba a ba shi cikakken labari ba, zai ɗauka nasu ne su kaɗai.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe, shi ne ku yi wa shirin kashi na biyu, ku fara daga saukarsa daga jirgin ruwa a Kolombo ta Sri Lanka a Janairun 1897 zuwa rasuwarsa a Belur. In da hali ku sa shi ya zo daidai da 12 ga Janairu, ranar da Indiya ta keɓe wa matasa saboda ranar haihuwarsa ce, ku kuma gayyato ɗaya daga cikin ɗalibanmu da ke karatu a can ya faɗi abin da ya gani da idonsa.

Allah Ya ƙara basira, Ya bar zumunci.

Naku mai sauraro a kullum,
wani mai haɗa magunguna daga Kano