Masu kiɗan hardcore sun fi kowa ƙin kiɗan juna

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da ma'aikatanka kuna lafiya. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan rubutun da ya fito a shafin nishaɗi, inda marubucin ya kwashe duk kiɗan rawa na na'ura da Turawa ke yi ya kira shi da suna ɗaya, ya ce hayaniya ce kawai ta 'yan ƙwaya. Ban zo kare kiɗan ba. Ni ba ɗan kulob ba ne, shekaruna ma sun wuce na tsalle-tsalle. Sai dai a Rotterdam ta ƙasar Holan nake zaune, ina aiki a wani babban sito kusa da tashar jiragen ruwa, kuma cikin abokan aikina akwai waɗanda da su aka fara wannan harka. Da za su ji an haɗa wanda suke so da wanda suke ƙi an ce duk ɗaya ne, wallahi da sai an raba faɗa.

Na garin nan sunansa gabber, wani salo ne na hardcore, wato kiɗan na'ura mai tsananin gudu da ƙarfi, kuma a farkon shekarun 1990 ya taso. Yadda ake yinsa ba wani sirri ba ne: akwai wata na'urar ganga ta kamfanin Roland mai suna TR-909, sai a ɗauki bugun babbar gangarta a yi ta ƙara masa ƙarfi har sautin ya fashe, ya daina kama da ganga. Sannan a ƙara gudu. Kiɗan house da aka saba ji a kulob yana buga wajen 120 zuwa 130 a minti ɗaya. Gabber yana kai 160 zuwa 190. A lokacin 'yan gayun Amsterdam su ne masu faɗa a ji a harkar, kuma kallon kiɗan 'yan dako suke yi wa na Rotterdam. Shi ya sa da wani mai kiɗa, Paul Elstak, ya buɗe kamfanin faya-fayai na Rotterdam Records a 1992, faifan farko da ya fitar habaici ne tsagwaronsa, ana tambaya wai ina ne ma Amsterdam ɗin take. Duk wanda ya san gabar da ke tsakanin magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Feyenoord ta Rotterdam da na Ajax ta Amsterdam ba sai an yi masa bayani ba. A shekarar nan ce kuma aka yi Thunderdome na farko, babban bikin masu wannan kiɗa, a garin Heerenveen.

Ogan sashenmu ɗan wancan zamanin ne. Ya haura hamsin, gashi ya gudu da kansa, don haka askin ƙwal-kwabon da ya yi da gangan yana saurayi yanzu kyauta yake samunsa. Har yau kambas ɗin Nike Air Max yake sawa, irin na 'yan gabber. Idan an tafi hutun shan shayi ya ji tsohon kiɗa, sai ya ajiye kofi ya yi mana rawar da suke kira hakken: jiki a tsaye, hannuwa a dunƙule, ƙafafu na harbi gaba da sauri kamar ƙasa ta ɗau zafi. Ba ya minti ɗaya numfashi ya ƙare, ya zauna yana riƙe gwiwa.

To, wannan mutumin da aka raina kiɗansa, shi ne kuma ba ya iya jin sunan happy hardcore fuskarsa ba ta canja ba. Gudun kusan ɗaya ne, amma an sa fiyano mai daɗi, an sa muryar mace an matse ta har ta koma ta yara, ana waƙar soyayya. Wajen 1995 irin wannan ya cika rediyo da talabijin a Holan, kuma Elstak da kansa yana cikin waɗanda suka fi cin kasuwarsa. Nan tsofaffin masoyansa suka ce ya ci amana, ya sayar da su. Ba a daɗe ba masu barkwanci suka fara fitar da waƙoƙin kwaikwayon 'yan gabber, yaran firamare suka fara askin, abin da ake tsoro ya zama abin dariya. Kafin shekarun 1990 su ƙare kasuwar ta faɗi. Oga bai yafe ba har gobe. Ni kuwa da na saurara, ban ji abin da ya kai a yi gabar shekara talatin a kai ba.

Akwai ɓangaren da ya shafe ni kai tsaye a matsayina na baƙar fata. Gaskiya ne wasu gungun matasa masu ra'ayin wariyar launin fata sun shige cikin harkar, musamman daga baya, har aka kai lokacin da idan ka hango masu ƙwal-kwabo sun taru a tashar jirgin ƙasa sai ka canja hanya. Gaskiya ne kuma ana shan ƙwaya a bukukuwan. Ba wanda ya isa ya musa. Amma marubucinku ya sani cewa Elstak ɗin nan asalinsa daga Suriname ne, kuma kamfanin Mokum Records na Amsterdam, mai fitar da kiɗan gabber, yana buga taken yaƙi da wariyar launin fata a jikin faya-fayansa tun shekarun 1990. Bai kamata a yi wa kowa kuɗin goro ba.

Yanzu kuma rigimar ta dawo sitonmu. Akwai wani yaro mai tuƙa motar ɗaga kaya, bai fi shekara ashirin da biyu ba, shi kiɗansa uptempo, mai buga wajen 200 ko fiye. A wasu waƙoƙin an mayar da bugun gangar wani siririn ƙara mai tsini, ba nauyi a ƙirji, sai soka a kunne. Sifika ɗaya ce a ɗakin hutu. Yaro na haɗa wayarsa, oga zai miƙe ya ce wannan ba kiɗa ba ne, ƙarar ƙararrawar gobara ce, ya zare waya. Yaron ya ce masa kiɗan gidan tsofaffi yake so a sa. Abin da mutanen Amsterdam suka faɗa wa oga a 1992, shi yake faɗa wa yaron nan kalma da kalma, kuma bai taɓa lura ba. Laifi tudu ne. Su biyun kuma bakinsu ɗaya wajen raina hardstyle, wanda ke tafiya wajen 150 kuma ke cika filin bikin Defqon.1 tun 2003. Wai na masu zuwa ɗaukar hoto ne. Can gaba akwai speedcore da ke wuce 300, da extratone da ke wuce 1,000, inda kunne ba ya iya raba bugu da bugu sai ƙugi ɗaya kamar injin markaɗe. Waɗannan ko yaron ya ce sun yi masa yawa.

Haka aka yi da dubstep. A kudancin Landan ya taso, wajen Croydon, a farkon shekarun 2000, kiɗa mai duhu da nauyi, ba gaggawa. Da Amurkawa suka ɗauka suka cika shi da ƙarar ƙarfe, har ɗaya daga cikinsu, Skrillex, ya lashe kyautar Grammy uku a 2012, sai na asalin suka laƙaba wa sabon salon sunan raini, brostep.

Idan ka tambaye ni wanda na fi ƙi, ba masu gudun ba ne. Big room ne, wanda ya mamaye manyan bukukuwa irin Tomorrowland na Beljiyam wajen 2013. Gudunsa 128, ba ya tayar wa kowa hankali, kuma a nan matsalar take. Kowace waƙa hanya ɗaya take bi: a yi ta hawa, a yi ta hawa, wani ya yi ihu a ɗaga hannu, sai a saki ganga da ɗan sauti guda ana maimaitawa. Ka ji biyar a jere ba za ka san inda ɗaya ta ƙare ba. Gabber ko ba ka so, ka san wasu mutane ne a wani gari suka yi shi don haushin wasu. Big room kuwa an auna shi ne daidai da wasan wuta da kuɗin tikiti.

Roƙona, Malam Edita, idan shafin nishaɗi zai sake taɓa wannan batu, marubucin ya faɗi wane salo yake nufi, na wace ƙasa, na wane lokaci. Yana da damar ya ce duka ba su yi masa ba. Ni ma rabi ba su yi min ba. Amma ya saurari ko uku daga ciki tukuna, da sauti a ƙasa-ƙasa, don oganmu kunnensa na hagu ya daɗe da yin murabus.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Mai karatu daga Rotterdam, Holan